Igiyar guga da igiyar sauti: littafin aikin rijiya

Alhamis, 14 Nuwamba 2024

Yau na sayo tulu a Kasuwar Dole, da shi kuma nake buɗe wannan littafi. Mai tukwanen ta ga ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ina buga bakin da tafin hannu ina kasa kunne, sai ta ce, "Malam, tulun ruwa kake nema ko na kiɗa?" Na ce mata duka biyun.

Ga abin da nake so in gano. In mutum ya tsaya a bakin rijiya ya yi ƙara, ya naɗi amon da wayar hannu, zai iya faɗin nisan ruwa ba tare da ya zura igiya ba? A Damagaram maganar ruwa ba ta taɓa zama ƙaramar magana ba. Garin kan dutse yake zaune, har ma cikin dalilan da ake ambatawa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926 akwai ƙarancin ruwa. Amma kada in ruɗi kaina: igiya da ɗan dutse a ɗaure sun ishi kowa auna rijiya. Lissafin ne ya ja ni. Rami ne buɗaɗɗe a cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, igiyar sauti ta faɗo masa, wani sashe ya shige, wani ya warwatse sama. Masu nazarin yadda radar ke ganin bakin injin jirgin sama irin wannan matsala suke fama da ita. Ni malamin lissafi ne a lise, ramin da ke kusa da ni kuwa rijiya ce.

Lahadi, 24 Nuwamba 2024

Duk yarinyar da ta taɓa cika tulu a famfo ta san murya tana hawa yayin da ruwa ke hawa, ba sai ta leƙa ba. Bajamushen nan Helmholtz ya ba abin lissafi tun cikin ƙarni na 19: iskar da ke wuyan tulu tana kai da kawowa kamar dunƙule guda, iskar cikin ciki kuma tana matsuwa tana turo ta baya. Yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa Hz, ya dogara ga faɗin wuya da tsawonsa da girman ciki.

Na auna tuluna. Yana cin lita 12, faɗin bakinsa santimita 8, tsawon wuyan santimita 5. Da saurin sauti mita 346 a daƙiƙa, lissafi ya ba ni Hz 159. Na buga bakin, waya ta nuna 112. Rata ce da ba za a ɗora wa rashin iya awo ba.

Dalilin sananne ne, sai dai ji daban, gani da ido daban. Iskar da ke kaɗawa ba ta tsayawa a ƙarshen wuyan yumɓu; tana jan wata iska ta waje da wata ta ciki, wuyan ya zama kamar ya fi yadda magina suka gina shi tsawo. A ɓangaren waje ana ƙara kashi 0.61 na rabin faɗin bakin, a ɓangaren ciki wajen 0.82. Wuyan santimita 5 ya koma kusan 10.7, lissafi ya sauko 109. Wato fiye da rabin wuyan da sauti ke gani ba yumɓu ba ne, iska ce tsagwaronta. Na rubuta wannan da jan biro, domin ina jin a rijiya ma nan rigimar take.

Asabar, 14 Disamba 2024

Makonni uku ban taɓa tulu ba, takarda kawai nake ɓatawa. Ga yadda na tsara matsalar.

Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce mai tauri, ba iyaka. A cikinta rami zagayayye, rabin faɗinsa a, zurfinsa zuwa fuskar ruwa L. Matsin sautin, in kira shi u, yana bin ƙa'idar Helmholtz, Δu + k²u = 0, inda k ke nuna gajartar igiyar: in k ya yi girma, igiyar gajera ce, muryar siririya. A bango da ƙasa iska ba ta iya ratsawa. Fuskar ruwa ma na ɗauke ta kamar bango, domin ruwa ya fi iska tauri ga sauti sau wajen 3,600, abin da ke shiga cikinsa bai wuce wajen ɗaya cikin dubu ba.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ɗalibai ke mantawa, ni ma da na manta shi in ba don ya taɓa kayar da ni a jarrabawa ba. Sommerfeld ya kafa shi a 1912: igiyar da ta warwatse dole ta riƙa tafiya waje, ba a yarda wata ta taso daga can inda ba kowa ta nufo mu ba. In babu shi, matsalar tana da amsoshi barkatai. In akwai shi, da taimakon sakamakon Rellich na 1943, ana iya nuna cewa amsa ɗaya ce tak ga kowace murya. Hujjar ta burge ni saboda sauƙinta: a ce ba a yi ƙara ba amma akwai amo; ƙarfin da ke fita waje dole ya zama sifiri tunda ba mai ba shi; Rellich ya ce in ƙarfin fita sifiri ne to igiyar gaba ɗaya sifiri ce a waje; daga nan sifirin ya bi bakin ramin ya shige ciki. Ma'anarsa a Hausar gida: rijiya buɗaɗɗiya ba ta iya riƙe murya har abada. Duk amon da ta ɗauka yana yoyo ta baki. Shi ya sa muryoyinta na amo ba lambobi ne na gaske ba, lambobi ne masu ɓangare biyu, ɓangare na biyun yana faɗin saurin mutuwar amon.

Yadda zan warware: a cikin rijiya in rubuta u a matsayin tarin salo-salo na kaɗawa da fonksiyon Bessel, wato lissafin da ke bayyana kaɗawa a cikin abu zagayayye, a waje in yi amfani da tsarin Rayleigh na rami a bango, sannan in ɗinke su biyun a baki. Ɗinkin nan shi ne aikin.

Lahadi, 5 Janairu 2025

Mun je rijiya. Wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya kai ni garkar kakansa a bayan gari, da kabu-kabu biyu, da duro fanko a ɗaure a baya. Sanyin hunturu ya sa haƙora na haɗuwa, hazo ya rufe duwatsu.

Rijiyar ta zoben siminti ce, faɗin bakinta mita 1.4, kuma abin da ya faranta mini rai, bakin daidai yake da daɓen da ke kewaye da shi, ba a ɗaga masa katanga ba. Kamar don lissafina aka gina ta. Bayan gaisuwa na yi wa dattijon bayani.

"Baba, so nake in auna nisan ruwan da sauti."

"Gaba goma ne, ɗana. Da ka tambaya tun daga gida da ba ka sha sanyi ba."

Muka zura igiya da dutse, muka shimfiɗa ta a ƙasa muka auna da mita: 18.0. Gaba goma cif. Bai ce komai ba, ya koma bakin kwalbatinsa na salati.

Na ɗaure waya a igiya na saukar da ita mita biyu, na zura ma'aunin zafi ƙasa sosai, ya nuna digiri 28, ko da yake a waje bai kai 15 ba. Sauri ke nan mita 348 a daƙiƙa. Ɗalibin ya riƙa dukan duro a saman baki, sau ashirin. Tafi da hannu bai yi amfani ba, muryarsa ta yi siriri da yawa.

Da na dawo gida na buɗe rikodin a kwamfuta. Rijiya mai zurfin mita 18 muryarta ta farko tana ƙasa da Hz 5, kunnen mutum ma ba ya jin ta, sauran suna biye da tazara iri ɗaya. To amma wayata ba ta kama komai ƙasa da wajen Hz 60. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Daga sama kuma, da an wuce Hz 146 sauti ya daina sauka a miƙe, ya fara bugun bango hagu da dama, hoton ya dagule; wannan iyaka daga lambar Bessel 1.841 take fitowa. Ɗan tsakanin nan kaɗai gare ni. A cikinsa na ƙirga tudu bakwai, wato muryoyin da amo ya fi ƙarfi a hoton, daga Hz 61 zuwa 118. Tazara shida, kowace 9.5.

Lissafin ɗan makaranta, sauri a raba da ninki biyu na tazara, ya ba da mita 18.32. Na cire gyaran baki na littafi, 0.82 sau santimita 70, wato santimita 57, ya koma 17.75. Igiya ta ce 18.0. Ba gyara na wuce da santimita 32, da gyara na gaza da 25. Wani abu ne ban gane ba tukuna.

Laraba, 22 Janairu 2025

Na gama rubuta shirin ɗinkin a Python, harshen shirya kwamfuta. Sakamakon farko ya ce igiyar da ta hauro bakin rijiya tana komawa ƙasa da ƙarfin kaɗawa sau 1.8 na yadda ta zo. Rijiyar aljanu ke nan. Dare uku ina neman kuskuren, wuta na ɗaukewa ina ci gaba da fitilar waya. Ashe rabin lissafin na ɗauko shi daga tsarin masana lissafi, masu rubuta lokaci da alamar ragi, ɗaya rabin daga tsarin injiniyoyi, masu rubuta shi da alamar tarawa. Na karya sharaɗin Sommerfeld da hannuna: igiyoyina shigowa suke yi maimakon fita. Alama ɗaya na canza, 1.8 ya koma 0.55.

Asabar, 15 Fabrairu 2025

Yau na gane, kuma wannan shi ne shafin da zan so in sake karantawa.

Da farko na gwada shirin da abin da aka riga aka sani. Da salo ɗaya tak, wato in ɗauka iskar baki tana motsi kamar faifai guda, gyaran ya fito 0.849, wato 8 a raba da 3π, lambar da Rayleigh ya samu tun ƙarni na 19. Ina ƙara salo yana saukowa a hankali, har ya zauna a 0.82. Shirin lafiya lau.

Sai na sa shi ya lissafa gyaran ga kowace murya daban, ba ga mafi ƙasƙanta kaɗai ba. Nan asiri ya tonu. Lambar 0.82 ta murya ce mai kauri ƙwarai, wadda tsawon igiyarta ya ninka faɗin baki sau da yawa. A tulu haka abin yake: igiya mai tsawon mita 3, baki santimita 8. A rijiyata kuwa, a Hz 80 tsawon igiyar mita 4.35 ne, kewayen bakin mita 4.4. Kai ɗaya suke. A wurin gyaran ya riga ya sauko wajen 0.60, a Hz 120 kuma wajen 0.50. Na ɗauko rigar tulu na sa wa rijiya.

Ba a nan ma ya tsaya ba. Ni ba tudun amo ɗaya nake aunawa ba, tazarar da ke tsakaninsu nake aunawa. Tunda gyaran yana raguwa yayin da murya ke hawa, kowane tudu na gaba yana ganin rijiyar ta ɗan gajarce fiye da yadda na bayansa ya gan ta, sai tazarar ta buɗe. Abin da ya kamata a cire ke nan ba gyaran ba ne da kansa, saurin canjin abin da ake samu ne in an ninka gyaran sau k. Tsakanin Hz 60 da 120 wannan ya kama wajen 0.32 na rabin faɗi, santimita 22. In cire shi daga 18.32, saura 18.10. Igiya 18.0.

Na yi murna, amma ba ta wuce shan shayi ɗaya ba. Kuskuren Hz 0.1 a tazara yana motsa amsar da kusan santimita 20, tudun amon kuwa ba tsini gare su ba, faffaɗa ne. Dalilin faɗin nasu shi ne waccan lamba 0.55: a Hz 80 duk lokacin da sauti ya hauro baki, kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa ficewa yake yi. Zuwa da dawowa ɗaya yana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kafin daƙiƙa ta cika amon ya mutu murus. Saboda haka santimita 10 da suka rage tsakanina da igiya ba su tabbatar da komai ba. Da sun zama 25 ma ba zan iya ƙorafi ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne gyaran littafi ya yi yawa ga rijiya mai wannan faɗi, kuma na san dalili.

Talata, 11 Maris 2025

Azumi. Aiki sai bayan asham.

Na so in tabbatar da sakamakon ta wata hanya dabam, sai na koma FreeFEM, manhajar da aka gina a Faransa, wadda ke yanka fili ƙanana-ƙanana kamar raga ta warware a kowane ido. Sararin sama ba shi da iyaka, kwamfuta kuwa tana da ita, don haka na kewaye filin da bargon da ke shanye igiya ba ya mayar da ita, dabarar da Bérenger ya fito da ita a 1994.

Amsa ta zo kusa da tawa, amma tana jan ƙafa. In na raba idon raga biyu, kamata ya yi kuskure ya ragu da rabi; sai yake raguwa sau 1.6 kawai. Na zana inda kuskuren ya taru, ya fito ja wur a wuri ɗaya: gefen bakin rijiya, daidai kusurwar da bango ya haɗu da daɓe. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ashe har ga kwamfuta. A wannan kusurwa iska tana zagaye digiri 270, kuma lissafi ya nuna matsin yana tafiya kamar nisa a ɗaga shi zuwa biyu bisa uku, saurin iskar kuwa yana hauhawa ba iyaka in an matso gefen. Biyu a ɗaga zuwa biyu bisa uku shi ne 1.59. Ga 1.6 ɗina. Wannan kusurwar ce ma ta sa salo-salon Bessel ke saukowa a hankali a watan jiya. Na matse ragar a gefen kaɗai na bar sauran, hanyoyin biyu suka haɗu har lamba ta biyu bayan ɗigo.

A zahiri ba wani bakin siminti mai kaifin reza. Igiyar guga ta cinye shi shekara da shekaru, ta yi masa zane-zane. Rashin iyakar nan ta takarda ce. Amma kwamfuta takardar take warwarewa.

Lahadi, 13 Afrilu 2025

Mun koma garka da rana tsaka, kuskure ne babba. Zafi digiri 43, duron ma ba ya taɓuwa. Ruwa ya ja baya, igiya ta ce 18.6. Tazara ta fito 9.3.

Ɗalibin ne ya yi lissafin a inuwar mangwaro, ya samu 18.97, ya ɓata fuska. Na duba, ya yi amfani da zafin waje, sauri 357. A cikin rijiya digiri 30 ne, sauri 349.5, amsa 18.57. Kowane digiri ɗaya yana ƙara wa sauti mita 0.6 a daƙiƙa, a rijiya irin wannan santimita 3 ke nan. Digiri 13 sun ci santimita 40, sun fi duk gyaran da na kwashe wata biyu ina nema. Ban ji daɗin wannan ba, amma haka yake. Akwai kuma abin da ban saka a lissafi ba: iskar mita biyu ko uku na sama ba zafinta ɗaya da ta ƙasa ba, a hunturu ta fi sanyi, a bazara ta fi zafi. Sai na auna zafi a zurfi huɗu ko biyar in gani.

Dattijon ya leƙo takardar. "Nawa na'urar ta ce?"

"Gaba goma da kamu ɗaya da ɗan wani abu, Baba."

"To, ta fara koyo."

Asabar, 10 Mayu 2025

Rijiya ta biyu, a wata unguwa kusa da Birni. Ta rushe mini tsari ta hanya biyu.

Na farko, tana da katanga da ta kai ƙugu. Bakinta ba a cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake ba, ba kuma bututu ne tsirara a sararin sama ba, irin wanda Levine da Schwinger suka warware a 1948 suka samu 0.6133. Tana tsakani, kuma tsayin katangar bai yi ƙanƙanta ba in an gwada shi da igiya mai mita 4. Ɗinkina na Bessel ba zai ɗauki wannan siffa ba sai an sake shi. FreeFEM zai ɗauka, in na matse raga a kusurwa biyu maimakon ɗaya.

Na biyu, dutse. Taku kaɗan daga bakin akwai ɗaya daga cikin manyan duwatsun nan namu, ya fi ɗaki tsayi. Ma'aunin Rayleigh na kaushin fuska ya ce in tudu bai kai ɗaya bisa takwas na tsawon igiya ba, igiyar ba ta san da shi ba. A Hz 80 wannan santimita 54 ne, shi ya sa tsakuwa da kunyoyin garka ba su dame ni ba. Wannan dutse kuwa madubi ne. Sautin da ya fice daga baki yana bugunsa ya dawo, kuma a rikodin na ga tudu biyu sun karkace, ɗaya ya rabe biyu. Da dutse a gefe ɗaya matsalar ta daina zama zagayayya, ta koma mai ɓangare uku cikakku, kwamfutata kuwa ba ta da ƙwaƙwalwar wannan. Na yi magana da wani malami a Jami'ar André Salifou, ya ce in kawo shirin bayan jarrabawar ƙarshen shekara mu gwada a injinsu.

Zoben simintin ma na sa musu ido. Kowane mahaɗi ɗan tudu ne, kuma suna jere da tazara ɗaya, irin jerin da Rayleigh ya yi wa lissafi a 1907. Zobe mai tsayin mita 1 zai fi mayar da igiya mai tsawon mita 2, wato wajen Hz 174, sama da inda nake aiki. Na bar shi a gefe.

Kafin ruwan farko ya sauka ina so in sake auna rijiyar garka sau ɗaya, da asuba, da zafi a zurfi biyar. Ɗalibin ya shiga shirin bakaloriya, sai na nemo wani mai dukan duro. Ma'aunin zafin ma ya faɗa ruwa ranar Laraba, dattijon ya ce in an yi yasa za a fito da shi.